Wasiƙa zuwa ga Alhaji mai gidan ƙanƙara, kafin ya sayi sabon janareta

Alhaji,  

Labari ya iso mu nan Gombe cewa ka sa a tambayo maka kuɗin janareta babba, saboda wanda muke da shi yana nishi duk lokacin da aka tada injina. Manaja ya ce magana ta kusa faɗawa. Ranka ya daɗe, ina roƙonka ka ɗan dakata. Na rubuta wannan a fili ne domin kana nesa, saƙon baki kuwa kafin ya iso ka ya zube rabi a hanya. Sannan maganar ba ta gidanka kaɗai ba ce. Daga Pantami zuwa Tashan Dukku, mai gidan ƙanƙara da mai ɗakin ajiye kifi da kaji da mai otal mai babbar na'urar sanyi duk ciwonsu ɗaya da naka. Kowa yana kukan tsadar wuta, kowa yana neman ƙarin wuta, alhali akwai wadda muke saya muna zubarwa kullum a wurin famfo da fanka, kuma ita ce ɓarnar da ta fi sauƙin tsayarwa.

Da za ka shigo ɗakin inji, abin da zan fara nuna maka bawul ne. Yana kan bututun da ke fita daga famfon da ke kai ruwa ga kwandensa. An shafa wa sitiyarinsa jan fenti a daidai inda ake so ya tsaya, an ɗaure shi da waya don kada wani ya taɓa. A rufe yake kusan rabi, kuma haka yake tun da aka kafa gidan. Idan ka ɗora tafin hannu a kansa za ka ji yana karkarwa, idan ka kara kunne za ka ji ruwa yana kokawar wucewa ta 'yar kafar da aka bar masa. Famfon ya fi ƙarfin aikin. Wanda ya zana aikin ya ɗan ƙara don tsaro, mai sayarwa ba shi da daidai girman sai na gaba da shi, kai ma ka ce a ɗauki babban kada a dawo baya. Babu wanda ya yi mugun nufi. Amma da aka kunna, ruwan ya yi yawa har hasumiyar sanyaya ruwa tana fesar da shi waje, sai aka maƙure bawul. Gaskiya ne maƙurewar tana ɗan rage wutar da moto ke ci, sai dai kaɗan ne. Moton yana nan yana gudu iyakar gudunsa, yana tura ruwa da ƙarfin da ba a buƙata, bawul kuma yana kashe ƙarfin nan ya mayar da shi ƙara da ɗumi. Mita ba ta san an kashe ba. Duka take ƙirgawa.

Abin da ya sa ba a rage gudun moton tun farko ba shi ne, irin wannan moto ba shi da totur. Wutar da ke zuwa mana, ta layi ce ko ta janareta, kai-komo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, wato haz 50, kuma wannan kai-komon ne ke jan moto. Irin na famfonmu yana juyawa kusan sau 1,450 a minti ɗaya, wasu kuma kusan 2,900, gwargwadon yadda aka naɗa koyil ɗinsu. Ko da rana ko da asuba, ko a Afrilu ko a Janairu, gudun ke nan. Wanda ya ce zai rage masa ƙarfin wuta kawai don ya sassauta, zafi moton zai ɗauka, koyil ya ƙone, a kwasa sai wurin masu naɗi. Hanyar rage gudu ba tare da cutar da shi ba ita ce a canza yawan kai-komon kansa.

Aikin na'urar da nake so ka saya ke nan. A jikin kwalinta za ka ga an rubuta VFD, mu a bakin aiki inbatar moto muke ce mata. Akwati ce da ake kafawa a bango tsakanin wuta da moto. Tana karɓar wuta mai kai-komo ta miƙar da ita ta koma irin ta batir, mai tafiya hanya ɗaya, ta tara ta a manyan kafasitoci har ta kwanta. Daga nan wasu makunnai da ba su da abin motsi a cikinsu, masu buɗewa da rufewa sau dubbai a daƙiƙa, su yayyanka ta su sake ƙera wuta mai kai-komo, amma a adadin da aka umarce su: 45, ko 40, ko 30. Tana kuma rage bolt daidai da yadda ta rage haz, shi ya sa moto ke tafiya a hankali ba tare da ya wahala ba. Ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin Danfoss na ƙasar Denmak ya fara ƙera ta da yawa don kasuwa tun 1968. Toshiba na Japan ya saka irinta a na'urar sanyaya ɗaki ta gida a 1981, kuma ita ce a cikin esi mai inbata da ka sa a falonka, wanda ka taɓa yaba mini cewa ba ya cin wuta. Akwatin da ke jikin rijiyoyin burtsatse masu sola da suka cika ƙauyukanmu ma danginta ne: idan rana ta yi rauni ya rage gudun famfo, idan ta take ya ƙara.

Yanzu ga inda kuɗin yake, kuma nan nake so ka karanta a tsanake, domin kai ɗan kasuwa ne, lissafi ba ya maka wuya. Iskar da fanka ke ja tana bin gudunta kai tsaye: rabin gudu, rabin iska. Ƙarfin turin iskar kuwa gudu sau gudu yake bi. Wutar da fankar ke ci ita ce yawan iska sau ƙarfin turi, saboda haka gudu sau gudu sau gudu take bi. Ka mayar da fanka haz 40 maimakon 50, ka rage kashi 20 cikin 100 ke nan na gudu da na iska. Amma 0.8 sau 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.512. Wutar ta faɗi kusan rabi. Ka kai ta rabin gudu, kashi ɗaya cikin takwas na wutar kawai za ta ci. Har ma idan kana da fanka biyu, gara ka kunna su duka a rabin gudu da ka kashe ɗaya ka bar ɗaya tana ruri: iskar kusan ɗaya ce, wutar kuwa rubu'i. A aikace ba ya cika daidai da na takarda, domin ita inbatar tana cin nata kashi 2 zuwa 3, moto ma ba ya ba da dukan ƙwazonsa a ƙaramin gudu. Duk da haka abin da ya rage ya isa a tsaya a kansa.

Ɗauki fankar da ke saman hasumiyar sanyaya ruwanmu. A ce tana cin kilowat 7 a cikakken gudu. A haz 40 za ta dawo wajen kilowat 4. Ragin kilowat 3 ke nan, a awa 20 ya zama yunit 60 a rana. Ka tuna a Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit ɗaya na masu rukunin A naira 225, daga baya aka ɗan sassauta ya tsaya sama kaɗan da 200. A naira 200 ma, 12,000 ce a rana, 360,000 a wata, daga fanka ɗaya. Idan a janareta muke abin ya fi haka ciwo, tunda litar dizal ta haura naira 1,000, kuma abin da lita ɗaya ke bayarwa bai wuce yunit uku zuwa uku da rabi ba. Ba ka manta da Afrilun 2024 ɗin ba, da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe a tsakiyar zafi, ko Oktobar shekarar da kusan dukan Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu. A irin waɗannan ranaku kowane kilowat da fanka ta ci a banza daga tankin mai ya fito.

Za ka tambaya, to yaushe ne fankar za ta iya sassautawa ba tare da ƙanƙara ta ƙi kamawa ba? Amsar tana cikin yanayin garin nan. Hasumiya ba ta sanyaya ruwa da sanyin iska kawai. Ruwan da ya ɗebo zafi daga kwandensa ana yayyafa shi daga sama, fanka tana jan iska ta ratsa shi, ɗan kaɗan ya tashi ya bi iska, tashin nan ne ke tafiya da zafin. Yadda randar ƙasa ke yi ke nan, kuma duk wanda ya sha ruwan randa da hunturu ya san yadda yake kama haƙori, domin busasshiyar iska ta fi kwasar danshi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Gombe a bushe take ƙamas, dare kuma sai da bargo. Hasumiya a lokacin da ɗan numfashi kaɗan take gama aikinta. Ko a Maris, da zafi ke dosar digiri 40 da rana, iskar tana nan a bushe, hasumiya ba ta shan wahalar da mutum ke zato. Wahalarta ta gaske tana ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara haɗuwa, zafi bai tafi ba ga danshi ya shigo, mutum yana gumi gumin ba ya bushewa. Don waɗannan makonni aka auna girman fankar, kuma daidai ne a auna ta haka. Abin da ba daidai ba shi ne ta kwashe sauran shekarar tana gudun waɗannan makonni. Yanzu abin da muke yi da sanyi shi ne mai aikin dare ya taɓa bututu da hannu, idan ya ji ya yi sanyi da yawa ya kashe fanka, bayan wani lokaci ya sake kunnawa. Kowace kunnawa bel yana ƙara, boris yana cin duka.

Shi ya sa inbata ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da abin da zai gaya mata gaskiyar halin da ake ciki. 'Yar na'urar jin zafi ake sokawa a bututun ruwan da ke dawowa daga hasumiya, a ja mata waya zuwa inbata, a ce mata ga digirin da ake so ruwan ya tsaya. Ya haura, ta ƙara gudu. Ya sauka, ta sassauta, a hankali, dare da rana, ba tare da kowa ya tashi daga barci ba. Na sha shiga wuraren da aka kashe kuɗi aka sayi inbata mai kyau, aka kafa, aka bar ta a haz 50 ba a haɗa mata komai ba. Mai wurin yana cewa an cuce shi, kuma yana da gaskiya, domin a haka ƙarin cin wuta kawai ya saya. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda ya fi wannan tsada. Babban mai cin wuta a gidan nan kwamfaresa ne, ba fanka ba. Idan aka yi rowar iska har ruwan kwandensa ya yi ɗumi, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana ɗora wa kwamfaresa kusan kashi 2 zuwa 3 na ƙarin wuta. Sai a tsimi kilowat ɗaya a sama a zubar da uku a ƙasa. Zaɓen digirin da za a tsayar shi ne ainihin gwanintar, kuma ba a yin sa daga ofis. Sai an tsaya da mita a hannu ana duba abin da gidan gaba ɗaya ke ci.

Shi famfo nasa ya fi sauƙi. A buɗe bawul ɗin nan gaba ɗaya, a kwance wayar, sannan a riƙa rage haz har ruwan da ke wucewa ya dawo daidai yadda yake a da. A nan za a tsaya, a kuma sa iyakar da ba zai sauka ƙasa da ita ba, domin idan ruwa ya yi sanyin gudu a cikin kwandensa, laka da farar ƙasa suna kwanciya a bututunta.

Sai maganar janareta, wadda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Nishin da yake yi ba a tsakiyar aiki yake yin sa ba, a wurin tayarwa ne. Moto idan aka haɗa shi da wuta kai tsaye yana fizgar ninki shida zuwa bakwai na abin da yake ci a tafiya, na 'yan daƙiƙu. A lokacin ne fitilun gidan ke dushewa, janareta ya durƙusa ya fesa baƙin hayaƙi, wani lokaci bireka ta faɗi a koma farko. Idan ka sayi babba don waɗannan daƙiƙu, zai kwashe sauran awoyin yana aiki ƙasa da ƙarfinsa, injin dizal kuwa ba ya son haka: mai yake sha fiye da aikinsa, ga dattin hayaƙi yana taruwa masa. Inbata tana tada moto daga haz kaɗan ta hau da shi a cikin rabin minti ko fiye, abin da yake ja bai cika wuce na tafiyarsa ba sosai. Ba zan ce maka wannan zai warware komai ba, tunda kwamfaresa ma yana da tasa fizgar, kuma shi maganinsa daban. Amma idan famfo da fanka suka daina fizga, suka kuma rage ci, akwai kyakkyawan zaton janaretan da muke da shi ya isa. A auna kafin a saya.

Akwai inda ba zan ba ka shawarar ka sa ta don tsimin wuta ba, ko da mai sayarwa ya rantse maka. Samon rijiyarmu da ke ɗaga ruwa daga ƙarƙashin ƙasa zuwa tankin sama yawancin ƙarfinsa a ɗagawar yake tafiya, kuma tsayin nan ba ya raguwa don an rage gudu. Ka sassauta shi kaɗan ruwa ya ragu sosai, ka ƙara sassautawa ya tsaya cak a cikin bututu, moto yana juyawa a banza yana zafi. Haka abin yake ga manyan famfunan da ke turo ruwan sha daga Dadin Kowa, kusan kilomita 40, su hauro da shi cikin gari: inbata tana da amfani a irin wurin don tayarwa da tsayarwa a hankali kada ruwa ya daki bututu ya fasa, amma lissafin gudu sau uku ba ya cika a can. Tsohon kwamfaresa mai fistin ma kada a taɓa gudunsa sai da izinin waɗanda suka ƙera shi, domin man da ke shafe shi da gudun yake zagayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasarmu ba ta da sauƙi ga wannan na'ura, kuma yawancin irinta da suka mutu a garin nan ba don ba su da kyau ba ne. Na buɗe wata a ƙarshen hunturu a wani gidan sanyi, na tarar da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar mata da zafi ya toshe da ƙura kamar an liƙa auduga, 'yar fankarta ta ciki ta daina juyawa, allonta yana nuna zafi ya yi yawa, su kuma sai kashewa suke suna kunnawa. Yawancinsu an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 40 ba, ɗakin injinmu mai rufin kwano kuwa ya fi haka da azahar ɗin Afrilu. Dole a sayi mai rufaffen jiki da ƙura ba ta shiga, ko a yi mata akwati mai matatar iska da za a riƙa wankewa, a kuma kafa ta nesa da kwamfaresa inda iska ke ratsawa. Dole wayar ƙasa ta zama ta gaske, ba ƙarfen da aka soka a busasshiyar ƙasa aka manta ba. Dole a sa mata abin kare tsawa kafin ruwan farko, da ɗan koyil a gabanta wanda ke tace dattin da take mayarwa cikin layi, musamman a kan janareta. Idan layi ɗaya cikin uku ya ɗauke ko bolt ya faɗi, za ta tsaya da kanta ta rubuta dalili. Wannan tsayawar kariya ce ga moton, kada a bari wani ya tsallake ta da waya don aiki ya ci gaba. Duk waɗannan ƙananan kaya su ne ake fara yankewa idan ana neman ragi a ciniki, ina roƙo kada a yanke su.

Sannan mutum. Kafasitocin cikinta suna riƙe wuta mai iya kisa mintuna bayan an kashe, kuma yaron da ya saba da tsohon makunnin tada moto na sta-delta bai san haka ba sai an gaya masa. Ina so yaran gidan nan su iya karanta abin da allonta ke faɗa, su san ba a sa makunni tsakaninta da moto ana kashewa tana aiki, su san moto mai tafiya a ƙaramin gudu fankar bayansa ma ta sassauta, sai a kula da zafinsa. Jihar da ke da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, ga masana'antar siminti ta Ashaka da ke juya manyan fankoki tun 1979, bai kamata a ce sai an ɗauko mutum daga Kano ko Legas don ya canza lamba ɗaya ba. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa motoci irin waɗannan, da abin da suke juyawa, suna cin kashi 43 zuwa 46 cikin 100 na wutar duniya. Yaron da ya iya wannan aiki ba zai rasa abin yi ba, kuma na fi so ya koya a gidanka.

Ga abin da nake nema, Alhaji. Ka ba ni izini in sa mita a kan famfo da fanka da kwamfaresa na mako guda, mu rubuta abin da kowanne ke ci da zafin ruwan a kowace awa, in aiko maka da takardar ka gani da idonka. Idan lissafin ya tsaya, mu fara da fankar hasumiya ita kaɗai, mu bar tsohon makunninta a gefe yadda ko inbata ta sami matsala ba za a rasa ƙanƙara ba. Idan kuɗinta ya fara dawowa, sai famfo. Wannan aiki da sanyi ake yin sa, lokacin da kasuwa ta lafa kuma ana iya tsayar da inji na yini ɗaya, ba lokacin da masu kura suka yi layi a ƙofa ba. Maganar janareta a ajiye ta har mu ga yadda gidan ya ratsa bazara mai zuwa. Idan bayan haka yana nan yana nishi, ni da kaina zan auna maka girman da ya dace, kuma ina sa ran zai yi ƙasa da wanda aka kawo maka kuɗinsa.

A gaida Hajiya da yara. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
mai kula da injinan gidan,
Gombe.